Sai Mako Mai Zuwa: Mu Fahimci Kalmar "Cliffhanger" Da Dabarar Jan Rai

Da wuya a sami gidan da bai san wannan yanayi ba. An idar da sallar isha'i, an ci tuwo, iyali sun hallara gaban talabijin ana kallon fim mai dogon zango. Labari ya kai inda ake so. Uwargida ta tura ƙofar ɗaki, ta ga abin da ya sa kwanon hannunta ya suɓuce, idanunta suka firfito. Kafin a nuna mana abin da ta gani, sai kiɗa ya tashi, sunayen 'yan wasa suka fara bi ta kan allo. Yara su yi ihu, uwa ta ja tsaki, maigida ya ce ai da ma ya san haka za su yi mana. Kowa ya nufi makwanci da tambaya a ransa, amsa kuwa sai mako mai zuwa.

Yawancinmu mukan ɗauka lokaci ne ya ƙure wa masu shirin. Gaskiyar magana ita ce da gangan aka yanke a nan, tun a kan takarda aka tsara shi. Dabara ce mai tarihi, kuma a Turanci tana da suna guda: "cliffhanger". Kalmar ta fara yawo a bakin matasanmu, muna ganin ta a jaridun Turanci, muna jin ta a sharhin ƙwallo da na zaɓe. Da yawa daga cikinmu mun ji ta ba mu san asalinta ba, wasu kuma suna sa ta inda ba muhallinta ba. Ya kamata mu san ta sosai, domin abin da take nufi yana aiki a kanmu kullum, ko mun san sunansa ko ba mu sani ba.

Mece ce ma'anarta?

Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko, "cliff", tana nufin gaɓar dutse mai tsayi wadda ta miƙe tsaye kamar bango, irin wadda in mutum ya leƙa ƙasa jiri zai ɗebe shi. Ta biyu, "hanger", tana nufin mai rataya ko abin da ke reto. Wannan ma ba baƙuwarmu ba ce, ita ce muka ara muke cewa hanga, abin da muke rataye riga a kai. Ana furta kalmar kusa da "kilif-hanga". Hoton da ke cikinta shi ne na mutum ya zame daga kan dutse, ya kama bakin gaɓa da 'yan yatsunsa, ƙafafunsa suna lilo a sarari. Bai faɗi ba, bai kuma tsira ba.

Amma idan Bature ya faɗi kalmar, da wuya a ce dutse yake nufi. Ma'anoni biyu take ɗauka. Ta farko ta shafi labari: wurin da aka katse littafi, fim ko wasan kwaikwayo na rediyo ana tsakiyar haɗari ko ana gab da tonuwar wani asiri, domin mai sauraro ya dawo neman ci gaba. A Hausa za mu iya kiran wannan "ƙarshe mai jan rai", tun da mun saba cewa wane yana ja mini rai idan ya riƙe abin da muke ɗoki ya ƙi saki da wuri. Ma'ana ta biyu ta fita daga labari ta shiga rayuwa: duk wata gasa, zaɓe, shari'a ko tattaunawa da aka yi kankankan, aka kasa sanin inda za ta faɗa sai a daƙiƙar ƙarshe. Nan kuwa kakanninmu sun riga sun gama magana da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A nahawun Turanci kalmar suna ce. Ana rubuta ta a haɗe, wasu kuma sukan sa ɗan karan ɗori a tsakiya, kuma jam'inta yana samuwa da ƙarin harafin "s". Akan ce labari ya ƙare a kanta, ko a ce zaɓen bana ya zama ita.

Tana da 'yan uwa biyu da ake yawan rikita ta da su. Akwai "suspense", wato zaman ɗar-ɗar da zulumin da mai kallo ke ciki yayin da labari ke tafiya. Abin sha'awa, ita ma wannan daga wata kalmar Latin mai ma'anar ratayewa ta samo asali. Fitaccen daraktan fina-finan nan na Ingila, Alfred Hitchcock, ya yi suna wajen bambanta ta da firgita. Mu kwatanta da namu misali. Mutum biyu suna hira a kan tabarma, kwatsam kububuwa ta fito: wannan firgita ce, ta ɗan lokaci. Amma idan tun farko an nuna mana macijiyar tana shiga ƙarƙashin tabarmar, su ba su gani ba, to kowace kalma ta hirarsu za ta riƙa faɗar mana da gaba. Wannan shi ne zaman ɗar-ɗar. Idan kuwa aka kashe fim ɗin daidai lokacin da ɗayansu ya miƙa hannu zai ɗaga tabarmar, aka ce mu tara mako mai zuwa, to an yi mana ƙarshe mai jan rai. 'Yar uwa ta biyu ita ce "nail-biter", wadda ke kwatanta mai kallo yana cizon farce don fargaba. An fi jin ta a fagen wasanni, kuma ba ta ɗauke da ma'anar katse labari.

Daga ina ta fito?

Dabarar ta girmi sunan da ƙarnuka masu yawa. Duk wanda ya karanta Dare Dubu Da Ɗaya, ko ya ji ana karanta fassararsa ta Hausa, ya san yadda Shaharzad ta tsira daga takobin Sarki Shahriyar. Takan ɗauko labari da dare, idan alfijir ya keto sai ta yi shiru daidai inda ya fi daɗi. Sarki ya ɗaga hukuncin kisa zuwa gobe don ya ji ƙarshe, gobe kuma ta sake ƙulla wani.

Abin da ya mayar da dabarar sana'a a Turai shi ne tsadar littafi. A Ingila ta ƙarni na 19, sabon littafin ƙagaggen labari mai juzu'i uku yakan kai sule 31 da sisi, kuɗin da ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Sai masu ɗab'i suka koma sayar da labari kashi-kashi. A 1836 Charles Dickens ya fara fitar da labarinsa na Pickwick wata-wata, kowane kashi a kan sule ɗaya, kuma ya yi kasuwa ƙwarai. Marubucin da ke sayar da labari ta wannan hanya dole ya ba mai saye dalilin dawowa da sulensa wata mai zuwa, kuma babu dalilin da ya kai tambayar da ba a amsa ba.

Daga 1872 zuwa 1873 wata mujallar Landan ta riƙa buga labarin Thomas Hardy mai suna A Pair of Blue Eyes. A wani kashi, wani mutum mai suna Henry Knight ya zame daga gaɓar dutse a bakin teku, ya maƙale yana kallon mutuwa ido da ido. Masu karatu suka sha jira kafin su ga yadda budurwar da ke tare da shi ta yayyaga wasu tufafinta ta tufka igiya ta jawo shi. Ana yawan kawo wannan a matsayin misalin da ya fi dacewa da hoton kalmar, ko da yake ita kanta kalmar ba a fara ganin ta a rubuce ba sai bayan kusan shekara sittin.

Silima ce ta raɗa wa dabarar suna. A ƙarshen 1913 wani kamfani a Amurka ya fara sakin fim mai kashi 13, The Adventures of Kathlyn, inda ake barin jarumar cikin haɗari a ƙarshen kashi, jaridar Chicago Tribune kuma tana buga labarin a shafukanta. Irin waɗannan fina-finai suka yawaita, yara da manya suna komawa gidan silima kowane mako don ganin yadda jarumi zai kuɓuta. A shekarun 1930 ne kalmar ta bayyana a rubuce a Amurka a matsayin laƙabin wannan nau'in fim, daga nan ta bazu zuwa siyasa da wasanni.

Zamanin talabijin ya nuna iyakar ƙarfinta. Ranar 21 ga Maris 1980, shirin Dallas na Amurka ya rufe zango da harbin wani attajirin mai da ake kira J.R., ba tare da an nuna wanda ya harbe shi ba. Wata takwas cur mutane suna cacar baki, har da masu sa kuɗi a kan hasashensu. Da aka bayyana amsar ranar 21 ga Nuwamba, fiye da mutum miliyan 80 ne suka kalla a Amurka kaɗai. Ashe ƙanwar matarsa ce. Masu son fina-finan Indiya a cikinmu kuwa ba za su manta da Baahubali ba. Kashin farko ya fito a 2015, ya ƙare da amintaccen bawa Kattappa yana faɗin cewa shi ya kashe ubangidansa. Sai a 2017 aka faɗi dalili. Akwai ma fim ɗin da Sylvester Stallone, wanda muka fi sani da Rambo, ya fito a ciki a 1993 mai ɗauke da wannan kalma a matsayin suna, inda aka yi wasa da ma'anarta ta zahiri da ta jan rai, domin labarin masu hawan dutse ne.

Mu ma mun san ta

Tatsuniyarmu ta gargajiya ba ta cika barin bashi ba. A zama ɗaya ake buɗe ta, a rufe da ƙurunƙus, yara su je su kwanta. Ko waɗanda ke ƙarewa da tambaya, a ce a cikin mutum ukun nan wa ya fi gwaninta, ba alkawarin ci gaba suke yi ba, muhawara suke buɗewa. Amma a rubutaccen adabi mun daɗe da sanin ƙarfin labari wajen riƙe mutum. A littafin farko na Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, da labarai Aku ya yi ta riƙe Musa ɗan sarki dare bayan dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri.

Da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano daga shekarun 1980, sai aka koma irin tsarin Ingila ta zamanin Dickens: littafi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya tsaya inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, marubuciya ta ce mu haɗu a littafi na gaba. A yau kuma ga fina-finai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, Kwana Casa'in da Labarina da tashar Arewa24 ta nuna, ga Izzar So a YouTube, ga marubutan da ke sakin shafi-shafi a zaurukan WhatsApp. Duk a kan wannan igiya suke tafiya.

Ma'ana ta biyu ma mun ɗanɗana ta. Ranar 31 ga Yuli 1996, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta, Brazil tana gaban Nijeriya da ci 3 da 1 har aka shiga minti na 78. Victor Ikpeba ya rage tazara, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, sannan ya ci ƙwallon raba gardama a farkon ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Wanda ya kashe rediyo ya kwanta da wuri a daren nan, da safe ya sha mamaki.

Me ya sa take kama mu haka?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan. A 1927 wata mai bincike a Jami'ar Berlin, Bluma Zeigarnik, ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta bar su suka kammala wasu, ta katse su a tsakiyar wasu. Da ta tambaye su daga baya, sai ta ga sun fi tuna waɗanda aka katse. Masu binciken da suka biyo baya ba duka ne suka sami sakamako irin nata ba, amma abin da ta lura da shi ba baƙo ba ne a wurin duk wanda ya taɓa kwana da bashi a kansa. Wanda ka biya ka manta da shi, wanda ya rage shi ke hana ka barci.

A 1994 wani masani Ba'amurke, George Loewenstein, ya yi bayanin cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya hangi giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son ya sani. Wanda bai san komai game da wani al'amari ba, ba ya damuwa. Wanda ya san komai ma hankalinsa a kwance yake. Mai ƙaiƙayin zuci shi ne wanda aka ɗanɗana masa zuma a baki aka janye cokali. Abin da gwanin labari yake yi ke nan: ya sanar da mu isasshen abin da zai sa mu damu da mutanen labarin, sannan ya riƙe guntun da ya rage.

Don haka wanda ya kasa tashi daga gaban allo ba lallai ne malalaci ba ne ko marar tarbiyya. Halittar ɗan Adam ce aka taɓa. Son sanin da ke sa yaro ya tambayi malaminsa, shi ne dai ke sa babba ya ce bari in ƙara kashi ɗaya.

Me ya sa ya dace mu kula?

Dalili na farko shi ne jiran da ke kare mu a dā ya kau. Mai karatun zamanin Dickens wata guda yake jira, mai kallon talabijin mako guda. Tsakanin kashi da kashi mutum yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa, yana barci. Yanzu zango guda cif yana cikin waya, ko an sauke shi daga intanet ko an karɓo a shagon masu tura fim, kuma manhajoji irin su YouTube da Netflix suna buɗe na gaba da kansu bayan 'yan daƙiƙoƙi. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan hamayyar kamfaninsa. Likitoci kuwa suna ba babban mutum shawarar barcin awa bakwai zuwa sama. Idan aka raba dare ana bin labari, sallar asuba, karatun ɗalibi, aikin ofis da kuɗin data su ne ke biyan kuɗin.

Dalili na biyu shi ne dabarar ta tsallaka daga nishaɗi ta shiga labaran yau da kullum. Mun sha ganin kanun labari irin su "Ba za ku yarda da abin da ya faru da wannan amarya ba", ko saƙon murya da ke ƙarewa da "ku jira kashi na biyu, zan tona asirin kowa". Kanun labari na gaskiya yana faɗa maka abin da ya faru ne. Wannan kuwa ɓoye maka yake yi don ka latsa, domin kowace latsawa kuɗin talla ce ga mai shafin. Abin ya yi yawa har a 2016 kamfanin Facebook ya sanar da cewa zai rage yaɗa kanun labaran da ke ɓoye muhimmin bayani da gangan. 'Yan damfara ma da wannan ƙugiya suke kamu: an ce ka ci kyauta, amma sai ka latsa nan za ka ga ko mece ce. Sau da yawa kuma asirin da aka yi alkawarin tonawa ba ya zuwa, amma mutuncin wanda aka ambata ya riga ya zube.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi. Akwai jiran da ba wani marubuci ne ya tsara shi ba, al'amari ne ya zo da haka. A zaɓen shugaban Amurka na 7 ga Nuwamba 2000, an shafe mako biyar ba a san wanda ya ci ba tsakanin George W. Bush da Al Gore, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 12 ga Disamba. Tazarar da ke tsakaninsu a jihar Florida ƙuri'a 537 ce. A Ghana, zagaye na biyu na zaɓen 28 ga Disamba 2008 bai raba gardama ba, sai da mazaɓa guda, Tain, ta kaɗa ƙuri'a ranar 2 ga Janairu 2009, sannan aka bayyana John Atta Mills da rinjayen da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, Nana Akufo-Addo kuma ya karɓi sakamakon. A nan gida, a watan Maris 2019 hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamna bai kammalu ba a jihohi shida, ciki har da Kano, Sakkwato da Bauchi. Bayan an ƙarasa, tazarar Sakkwato ƙuri'a 342 ce kacal. Jaridun Turanci da wannan kalma suke kiran irin waɗannan zaɓuka.

A irin waɗannan kwanaki zuciya ba ta son giɓi, tana neman abin cikewa ko da ƙarya ne. Nan ne sakamakon bogi ke samun kasuwa, kuma mafi yawan masu tura shi ba mugunta ce ta sa su ba. Ƙaguwa ce, irin ta mai kallon da aka katse wa fim. Bambancin shi ne hasashen ƙarshen fim ba ya ƙona shagon kowa.

Abin da kowannenmu zai iya yi

Mai kallo ya fara da gane dabarar idan ta zo. Da zarar ka iya ce wa kanka "ga jan ran nan ya zo", rabin ƙarfinsa ya tafi. Ka yanke adadin kashin da za ka kalla tun kafin ka fara, ka kuma shiga saitin manhajar ka kashe buɗewar kashi na gaba da kansa. Akwai kuma wata 'yar hikima. Tun da a ƙarshen kashi ake ɗana tarkon, amsar kuma takan zo a mintocin farko na wanda ke biye, to kada ka tsaya inda suka tsaya. Ka kalli minti goma na gaba, ƙura ta lafa, ka kashe a inda labari ya kwanta.

Iyaye da malamai suna iya mayar da jiran ya zama darasi. Maimakon faɗa kawai, a tambayi yaro: me kake jin zai faru, kuma wace alama ka gani a labarin da ta sa ka faɗi haka? Me ya sa suka tsaya a nan ba su tsaya a can ba? Yaron da ya saba da irin wannan tambaya yana koyon karanta niyyar mai magana, kuma gobe ba kowane kanun labari ne zai ja shi da hanci ba.

Ɗalibai, masu fassara da 'yan jarida su lura da muhalli. Wanda ya fassara kalmar da "mai rataye a dutse" a labarin zaɓe ya ɓatar da mai sauraro. Idan labari ne, a ce an yanke shi a inda ya fi jan rai. Idan wasa ne ko zaɓe, a ce an yi kankankan, ko an yi kare jini biri jini, ko ba a san maci tuwo ba sai da miya ta ƙare. Sannan a sani cewa kalmar tana ɗauke da ƙanshin nishaɗi, tana sa mai faɗinta a matsayin ɗan kallo. Ba ta dace da halin majinyacin da ke kwance rai a hannun Allah ba, ko iyalin da ke jiran labarin ɗansu da aka sace. A nan kalmominmu na zulumi, fargaba da taraddadi su ne masu mutunci.

Marubuta da masu shirya fim su tuna cewa jan rai bashi ne. Wasu tsofaffin fina-finan Amurka masu kashi-kashi sun yi ƙaurin suna da ha'inci: a nuna mota ta faɗa rami da jarumi a ciki, mako mai zuwa a ƙara wani hoton da ba a nuna ba, wai ashe ya riga ya yi tsalle ya fice. Mai kallo yana yafe wannan sau ɗaya ko sau biyu, daga nan ya daina yarda. Haka ma wanda ya ja labarin kashi goma ya kai shi hamsin don talla, ko ya bar masu karatu da littafi na biyu ba na uku. Tambayar da ka ɗaura wa mutane, ka zo musu da amsar da ta kai nauyin jiran da suka yi.

A lokacin zaɓe ko wata babbar shari'a kuwa, aikinmu shi ne mu iya zama da rashin sani na ɗan lokaci. A Nijeriya baturen zaɓen da hukuma ta naɗa shi ne doka ta ba ikon bayyana wanda ya ci. Duk takardar da ta riga shi fitowa a waya, komai kyan tambarin da ke kanta, mu riƙe ta kada mu tura. Idan wani ya ce yana da labarin da ba a faɗa ba, mu tambaye shi daga ina, wa ya gani da idonsa. Jinkirin awa biyu kafin tura saƙo bai taɓa cutar da kowa ba, kuma mun san abin da aka ce game da mahaƙurci.

Shaharzad ta ja ran sarki ta ceci kanta da 'yan matan garinsu. Aku ya riƙe Musa da labari ya raba shi da makircin Waziri. A duka biyun, wanda aka riƙe shi ma ya ci ribar riƙon. Wannan shi ne ma'aunin da za mu ɗauka. Duk lokacin da muka ji an kai mu bakin gaɓa an tsaya, ko a fim ne, ko a kanun labari, ko a saƙon da aka turo mana da tsakar dare, mu tambayi kanmu: wa ke riƙe da ɗaya bakin igiyar, kuma me zai samu idan muka ci gaba da reto? Idan amsar ta kwanta mana, mu sha daɗin labarinmu. Idan ba ta kwanta ba, mu ajiye waya mu yi barci, gobe ma rana ce.